Neman shawara: ɗan ƙarfe guda nake so a sassaƙa mini daidai awo, kuɗin ya fi ƙarfina

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya damina? Akwai abin da ya kai wata biyu yana damuna, na ce bari in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai masu tur, wato injin sassaƙa ƙarfe, akwai makanikai, akwai waɗanda suka karanci harkar.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare nan Damagaram. Bayan aji, babu abin da nake so kamar kallon sama. Shekara uku ke nan da na sayi madubin hangen taurari ɗan gwanjo, irin mai madubi a gindi, faɗin madubin milimita 114, nisan tattara haskensa milimita 900. Da shi na nuna wa ɗalibaina ramukan wata, da Zara, da Kaza da ƴaƴanta. Akwai yarinyar da ta ɗora ido a kai, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, ashe wata ma yana da duwatsu irin na Birni?" Tana nufin tsohuwar unguwar garinmu mai duwatsu. Tun ranar nake son in riƙa ɗaukar hoton abin da muke gani, musamman jinjirin wata, don wanda bai zo ba ma ya gani.

Ina da tsohuwar kyamarar Canon, irin wadda ake cire mata gilashi. Wani ɗan uwana ya kawo mini zoben da ake kira zoben T, wanda ke shiga bakin kyamarar. A cikin zoben akwai haƙoran murɗi, wato filtaj, faɗi milimita 42, tazarar haƙori 0.75. Matsalar tana ɓangaren madubin. Kan roba da ke saman bututun saiti ya fashe tun kafin in saya, saura bututun ƙarfe kawai, kuma ramin cikinsa milimita 35.2 ne, ba ya cikin awon da ake sayarwa a kasuwa. Abin da ake samu na 31.75 ne. Don haka dole sai an yi mini mahaɗi na musamman: ƙasa ya zura cikin bututun ba girgiɗi, sama ya murɗu cikin zoben, tsakiya rami ya ratsa don haske ya wuce.

Na je wurin wani mai tur, ya yi mini a jika 6, wato sefa dubu shida. Da na zo gida, zoben ya shiga murɗi ɗaya da rabi ya cije. Ƙasan kuma da na auna, 34.6 ya ba ni, kyamara tana lilo. Na je wurin wani da ake yabon aikinsa, ya juya zoben a hannu, ya ce jika 35, kuma ba a satin nan ba. Ni abin da zan iya fitarwa bai wuce jika 12 ba.

Ina so in gama kafin kaka, lokacin da sama ke washewa, tun hazo bai sauko ba. Ina zan nufa? Kuma jika 35 ɗin nan, kuɗin aikin ke nan ko don ya gan ni baƙo ne? Na gode.

Ɗan Zango:

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai shawarata ka bi Kano. Kusan kilomita 240 ne ta Matamai da Daura. A Ƙofar Ruwa babu irin ƙarfen da ba za ka samu ba, kuma masu injin sassaƙa ƙarfe suna da yawa a garin, in wannan bai iya ba na gaba zai iya. Can tiredi suke ce wa filtaj, ka riƙe kalmar. Ina shiga duk bayan mako biyu, in ka yarda ka ba ni zanen in kai maka, ba sai ka biya kuɗin mota ba.

Makanikin Tasha:

Malam, me ya sa ba za ka je wurin masu zubin tukwane ba? Ka sassaƙa siffar da itace, su zuba maka da alminiyom, sannan mai tur ya goge. Mu haka muke yi wa wasu kayan mota da suka ɓace a kasuwa, kuma da arha.

Tsohon Mai Tur:

Ɗana Malam, sannu da ƙoƙari. Na yi shekara talatin da wani abu a gaban tur kafin ido ya ce in huta, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da fari, mutumin da ya ce jika 35 bai cuce ka ba. Da ya juya zoben nan a hannu, lissafin wuninsa yake yi. Ƙarfen da kake so bai kai tafin hannu ba, amma ba girman ƙarfe ake biya a wurinmu ba, lokacin shirya inji ake biya. Haƙori mai tazarar 0.75 ba abin da ake kawo mana kullum ba ne. Bulon na milimita 42 da aka saba gani a manyan injuna, tazarar haƙorinsa 4.5 ce, kana ganinsa daga nesa. Naka ya fi shi ƙanƙanta sau shida. Zurfin haƙorin duka bai kai rabin milimita ba, 0.46 ne. Sai mutum ya wasa wuƙa ta musamman mai kusurwa 60, bakinta kamar tsinin allura, ya canja giyoyin bayan inji, ya gwada a kan wani guntu, sannan ya taɓa naka. Yana cikin haka ga mai markaɗe tsaye da sandar injinsa ta karye, ga mai famfon garka yana jira, aikin da zai gama cikin minti arba'in ya karɓi kuɗinsa. To ka ga dalilin "ba a satin nan ba".

Akwai kuma abin da masu kawo aiki ba su sani ba. Da yawa daga cikin tsofaffin injunan da ke hannun mutanenmu, musamman waɗanda suka biyo ta Najeriya, na Ingila ne, doguwar sandar da ke jan wuƙa an yi ta a kan awon inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Don irin wannan inji ya yanka haƙorin milimita daidai, sai da giya mai haƙora 127, wato 25.4 sau biyar, kai malamin lissafi ka fi ni sanin dalili. Giyar nan ita ce ta farko da ke ɓacewa idan inji ya sauya hannu sau uku. Wanda ba shi da ita sai ya nemi mafi kusa, ya ba ka haƙori 32 a inci, wato 0.79, ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanda ke da ita ma, ba ya iya sakin sandar a tsakiyar aiki, sai dai ya riƙa juya inji baya bayan kowane yanka. Haƙuri ne da ƙarfin ido.

Wanda ya yi maka na farko, ina kyautata zaton tazarar 1 ya yanka. Kowane murɗi ana samun saɓanin 0.25, kafin murɗi biyu saɓanin ya kai rabin milimita, ya fi zurfin haƙorin kansa. Shi ya sa ya cije. Don Allah kada ka sake tilasta shi, zoben ne zai ci, kuma shi ne abin da ba za ka samu a nan ba.

Ɗan Zango, niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka. Amma aikin nan ba a aika shi da takarda kaɗai. Ramin bututun nan, wa ya tabbatar zagaye ne sosai? Dole mai aiki ya riƙe bututun a hannu, yana ragewa yana gwadawa. In za a kai Kano, sai da bututun da zoben tare, in kuma aka samu kuskure sai wani mako biyu.

Makaniki, zubi yana da wurinsa, amma ba nan ba. Alminiyom ɗin da aka narka daga gwangwani da tarkace, in ka sa masa wuƙa za ka tarar da ƙananan ramuka a ciki kamar burodi. A jikin tukunya ba komai. A ƙarfen da kaurin bangonsa milimita uku ne, rami ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Malam, tambaya ɗaya nake da ita. Haƙorin nan, dole ne? Don shi kaɗai ya cinye kashi biyu cikin uku na kuɗin.

Malamin Lissafi:

Baba, na gode ƙwarai. Wallahi har na fara zargin mutumin a raina, yanzu na gane ban yi masa adalci ba. Zancen tazarar 1 kuma haka ne, na ɗora ma'auni na ƙirga, haƙori goma a milimita goma. Amma ban ga yadda zan kauce wa haƙorin ba, tunda ta nan ne kawai ake shiga zoben.

Mai Hoto na Birni:

Malam, ɗauko zoben yanzu ka duba gefensa da kyau, wajen da yatsa ke riƙewa. Ka ga wasu ƙananan ramuka uku, kowanne da ɗan bis, wato ƙusa mai murɗi, a nutse? Yawancin zoben T guda biyu ne a haɗe. Na waje shi ne mai kama bakin kyamara. Na ciki shi ne mai haƙori, kuma bis ukun nan ne kawai ke riƙe da shi, an yi haka ne don mai hoto ya sassauta ya juya kyamara ta miƙe. In ka kwance su da ɗan sukurdireban masu gyaran agogo, na cikin zai faɗo a tafinka. Za ka ga bayansa sumul ne, da ƴar kwarmi zagaye inda bakin bis ke zama. To ka ce wa mai tur ya kwaikwayi bayan wannan ɗan zoben a saman mahaɗinka. Babu haƙori ko ɗaya. Ka zura, ka ɗaure bis uku, shi ke nan. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka kwance, bis ɗin ba su fi ƙwayar gero ba.

Kuskuren da aka yi maka tsoho ne a sana'armu. Akwai haƙori iri biyu masu faɗin 42. Na tazarar 1 shi ne na tsofaffin kyamarori irin su Zenit da Praktica da Pentax, wanda ya fito tun 1949. Na 0.75 kamfanin Tamron na Japan ne ya kawo shi a 1957. Da ido ba ka raba su. Na ga gilashi mai tsada da aka kashe wa haƙori saboda haka.

Amma kafin ka kashe ko dala, yi wannan gwajin. Daga bakin Canon ɗinka zuwa farantin da hoto ke sauka a kai milimita 44 ne. Zoben T yana ƙara 11, ya zama 55. Madubai irin naka da yawa an yi su ne don ido, ba don kyamara ba, inda hasken ke haɗuwa bai fito waje sosai ba. Sai ka gama kashe kuɗi ka tarar ko ka mayar da bututun ciki har ƙarshe hoton bai zauna ba. Da dare ka saita wata, ka mayar da bututun ciki duka, ka cire gilashin kyamara da zoben, ka riƙe ta da hannu a bakin bututun kana matsowa kana ja baya har ramukan wata su fito tas. Wani ya auna maka tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da bakin bututu. In ta fi 11, kana da hanya. In ba ta kai ba, ba mahaɗi ne matsalarka ba, sai an ɗaga babban madubin sama.

In ya yi, wata zai sauka a farantin da faɗin kamar milimita 8, farantin kuma wajen 22 ne a 15, zai zauna a tsakiya da fili kewaye da shi.

Abu ɗaya kuma, tunda da yara kake aiki kuma jinjirin wata kake nema: kada a buɗe bakin madubin sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Jinjiri kusa da inda ta faɗi yake fitowa, hannu na iya gocewa. Hasken rana ta cikin madubi 114 yana kashe ido nan take, ba ya ba da lokacin ƙiftawa.

Ɗalibin Injiniya:

Gaisuwa ga manya. Ina karatu a Yamai amma ɗan Sabon Gari ne ni. Abin da Baba da Mai Hoto suka faɗa ya rufe babban ɓangare, zan ƙara a kan zane ne.

Malam, na farkon da ya ba ka 34.6, me ka ba shi? In da baki ka ce masa "wajen talatin da biyar", to a wurinsa ya yi aiki. Saɓanin 0.6 a aikin ƙofa ko amalanke ba a ma ganinsa. A naka kuwa, idan tsawon abin da ya shiga bututu milimita 25 ne, wasan 0.6 zai bar kyamara ta karkata fiye da digiri ɗaya, sai gefen wata ɗaya ya fito ɗayan ya dushe.

Ka zana shi a takarda mai murabba'ai, kamar an tsaga shi biyu ana kallon cikinsa, ka ninka girmansa sau biyu. Ka sa kowane awo da milimita. Sannan, wannan shi ne abin da ke rage kuɗi, ka nuna masa inda ake tsanani da inda ba a yi. A ƙarfenka wuri uku ne kawai ke son tsanani: faɗin da ke shiga bututu, faɗin da ke shiga zobe, da kuma fuskar da zoben zai zauna a kai, ta miƙe sosai. Ramin tsakiya kuwa, ko 28 ne ko 29, haske bai damu ba. Tsawon ƙasa ko 25 ko 27, duk ɗaya. Ka rubuta masa haka ƙarara. Wanda aka ce masa komai sai ya zama daidai, kuɗin komai zai caje ka.

Wasan da kake so tsakanin mahaɗi da bututu kamar 0.05 ne zuwa 0.1. Don ka ji shi a hannu, takardar rubutu ta yau da kullum kaurinta wajen 0.1 ne. Ka ari piye-a-kulis mai kyau, wato ma'aunin kauri da faɗin rami mai baki biyu, ka auna ramin bututun a wuri uku kana juyawa, a baki da kuma can ciki. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne awonka.

Zancen yin oda ta intanet, don na san wani zai kawo shi: akwai kamfanoni a Sin da ke karɓar zanen kwamfuta su sassaƙa ko guda ɗaya ne da inji mai sarrafa kansa, kuma aikinsu yana fita daidai. Ana iya yin zanen da FreeCAD, kyauta ce. Amma ga guda ɗaya, ka haɗa kuɗin shirya inji, da na jirgi, da na duwan, wato kwastan, da neman katin biya, da kawo shi daga Yamai kusan kilomita 900, zai wuce jika 35 ɗin da kake gudu. In kuma awonka ne ya kuskure, babu wanda za ka mayar wa. Na roba da ake bugawa da inji kuma ban ba ka shawara ba sai don gwaji. Robar da aka fi amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, abin da aka manta a mota da rana a watan Afrilu a garin nan zai kai haka, ga kyamara mai rabin kilo rataye a jikinsa.

Wata ƙofar ita ce makarantun koyon sana'a masu sashen ƙarfe. Kai malami ne, ka yi wa malamin sashen magana a matsayin abokin aiki. Wani lokaci suna neman ƙaramin aiki na gaske da za a koya wa ɗalibai da shi, sai dai ka haƙura da jadawalinsu.

Hajiya Mai Kekunan Ɗinki:

Malam, ni ban san taurari ba, amma shekara goma sha biyar ina kai wa masu tur ƙananan kayan keken ɗinki da na injin saƙa, na san halin wurin. Kada ka je ranar Alhamis, ranar kasuwar Dole, mutanen ƙauye sun cika su da kayan injin niƙa, ba mai sauraron ɗan ƙaramin aiki. Ka je da sassafe ranar da ba kowa, ka fara tambaya ko akwai wuta. Ka nemi maigidan da kansa, kada ka bar wa yaran shago, ba don ba su da kirki ba, hannunsu bai faɗa ba tukuna. Ka ba da rabi, sauran sai an gwada a gabanka. Kuma ka zauna. Ni kujera nake ja in zauna har a gama, ina yi musu hira. Aikin da mai shi ke zaune ba ya zama kamar wanda aka ajiye aka tafi.

Sannan ka nuna masa abin da za a yi da shi. Mutanen nan suna son a san darajar hannunsu. In da hali ka kai masa madubin ya leƙa.

Ka koma wurin mai jika 35 ɗin. Wanda ya kalli aiki ya faɗi kuɗi mai yawa ya ce ba yau ba, ya san abin da ya gani.

Tsohon Mai Tur:

Mai Hoto, Allah ya yi maka albarka, ka sauke masa kaya. In babu haƙori, wannan aikin awa ɗaya da rabi ne a hannun wanda ya iya, kuma kowane inji zai yi shi, na inci ko na milimita.

Saura ƙarfe. Malam, ka kawo naka, ya fi arha kuma ka san abin da ka kawo. Ka zaga wurin masu kayan tarkace ka nemi guntun sandar alminiyom, wadda aka ja a masana'anta ba zubin gida ba, faɗi kamar 55, tsawo kada ya gaza 70. Za ka ce ai abin bai kai haka ba. Sauran na kamun inji ne, ga dalili: ka roƙe shi ya yi duka a kamu ɗaya. Ya ɗaure sandar sau ɗaya, ya huda ramin, ya sassaƙa faɗin biyu, ya gyara fuskar, ya yi kwarmin, sannan ya yanke. Muddin bai kwance ba, komai zai fito a kan cibiya ɗaya ko da bakin injin ya tsufa. Da zarar ya kwance ya juya, tsohon inji sai ya ba ka karkata. Tagulla ta fi daɗin yanka, tana fita sumul, amma ta fi alminiyom nauyi sau uku, ga tsada. Baƙin ƙarfe kuma zai yi tsatsa a damina ya zuba maka gari a kan madubi. Ya riƙa ɗiga kananzir a bakin wuƙa, shi ke hana alminiyom manne mata.

Ka kwance bututun daga jikin madubin ka tafi da shi, da zoben, da ɗan zoben ciki. Idan ya kusa awo, ya tsaya ƙarfen ya huce kafin a gwada. Alminiyom yana buɗewa da zafi. A faɗin 35, in ya ɗumama da digiri 30, ya ƙaru da wajen 0.02, kusan rabin wasan da yaron nan ya faɗa. Ka taɓa da bayan yatsa, in da ɗumi a jira. Daga nan ana ɗebe kaɗan ana gwadawa. Alamar ya yi ita ce ya shiga da turin yatsa biyu, ba duka, in ka girgiza kuma ba ka ji ƙas-ƙas ba. A tur ragewa ake yi, abin da wuƙa ta ɗebe ba ya dawowa, don haka kada ka gaggauta shi a nan.

Bututun yana da bis a gefe? In yana da shi, a yi ƴar kwarmi marar zurfi a jikin mahaɗin daidai inda bis ɗin zai sauka, ko ya sassauta kyamara ba za ta zame ta faɗi ba. A kashe kaifin bakuna duka. Cikin ramin kuma kada a goge shi ya yi ƙyalli, a bar sawun wuƙa.

Malamin Lissafi:

Jama'a, na kwance bis ukun, zoben ciki ya fito kamar yadda Mai Hoto ya ce. Daren jiya hadari ya janye bayan isha'i, na yi gwajin, ƙanena ya riƙe ma'auni. Tazarar 14 ce. In an cire 11 na zobe, saura 3 kacal. A zanena na farko na sa kafaɗa mai kaurin milimita 5 tsakanin haƙori da bututu. Ke nan ko da an yanka mini haƙorin daidai a jika 35, hoton ba zai taɓa zama ba. Yanzu na cire kafaɗar, fuskar zoben da kanta za ta zauna a bakin bututu. Ramin bututun na auna wuri uku: 35.20, 35.24, 35.18. Bis ɗin gefe yana nan guda ɗaya. Baba, me ya sa ba za a goge cikin ramin ba?

Mai Hoto na Birni:

Bari in amsa wa Baba wannan. Ƙarfe mai ƙyalli yana watsa haske a kan hoto, baƙin sama sai ya koma toka-toka. Bayan an gama ka wanke man da sabulu, ka shafa wa cikin ramin baƙin fenti marar sheƙi, irin na allon aji ma ya yi. Sawun wuƙa yana riƙe fenti, yana kuma karya hasken. Kada fenti ya taɓa wajen, zai cinye maka wasan da aka auna.

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum. Na dawo da labari, kwana goma sha ɗaya bayan saƙona na ƙarshe.

Sandar ta ba ni wuya fiye da komai. Kwana uku ina zagaye kafin in samu guntu a wurin wani mai tarkace, jika 2. Na koma wurin mai jika 35 ranar Talata da sassafe, kamar yadda Hajiya ta ce, da zane da bututu da zobe. Ya daɗe yana kallon takardar, ya sa yatsa a inda na rubuta "nan ba tsanani", ya ce wa ya koya mini. Na ce wani baba ne da ya yi shekara talatin a tur. Ya ce jika 8, muka tsaya a 7.

Wuta ta ɗauke muna tsakiya, muka jira kusan awa ɗaya, bai kwance ƙarfen daga inji ba. Da ya kusa awo ya kashe inji da kansa ya ce a bari ya huce, ban ma kai ga faɗa ba. Sau huɗu yana ɗebewa muna gwada bututun. A na huɗun ya shiga a hankali, har ina jin iska tana fita ta ɗayan bakin. Na girgiza, shiru. Ya auna, 35.12.

Fentin allo na shafa, ya kwana biyu ya bushe. Daren Juma'a na hau da kayan kan dutse a Birni tare da ɗalibai shida. Watan ya kwana tara. Hoton ya zauna saura kaɗan bututun ya ƙure, ramukan da ke kan iyakar haske da duhu sun fito daga wannan gefe har wancan. Abin da ya rage shi ne rawar da kyamara ke yi idan na danna, sai na koma sa mata jinkirin daƙiƙa goma.

Ɗan Zango, akwai saƙon da zan ba ka in za ka shiga Kano: ƙananan bis irin na zoben, guda ɗaya ya fara cin kai. Baba, mai tur ɗin ya ce in gaishe ka, ya kuma ce zai zo da yaransa biyu ranar da za mu nemi jinjirin wata mai zuwa. Duk wanda ke gari yana so, mu haɗu a gindin dutsen bayan la'asar sakaliya, madubin zai zauna a rufe har a kira magariba.